Ga ƙannenmu sababbin zuwa Kanada: maganar tayar hunturu

Yau ba siyasa zan yi ba, maganar taya ce.

Jiya bayan an sauko daga Juma'a wani ƙanenmu da ya zo karatu bana ya rage min hanya. Mota tsaf, da guminsa ya saya, Allah ya sa albarka. Da muka tsaya sai na leƙa tayoyin, na ga irin waɗanda ake cewa na kowane yanayi ne. Na ce masa yaushe za ka canza? Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai sababbi ne, kuma ni tun ina sakandare nake tuƙi, Kano zuwa Abuja ban san iyakar zuwan da na yi ba."

Wallahi irin maganar da na yi ke nan a shekarata ta farko a Ottawa. Wata safiyar Disamba na ɗauko yara zan kai su makaranta, ba gudu nake ba, danja ta tsayar, na taka birki. Mota ta ƙi jin magana. Ina riƙe da sitiyari ina salati, tana ta sulalewa a hankali har ta daki bayan motar gabana. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji ciwo, amma kuɗin gyara ya fi na taya huɗu, kuma har yau in na tuna kukan ƙaramar 'yata a baya sai jikina ya mutu.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne matsalar ba ta iya tuƙi ba ce, ta roba ce. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum sai ta fara sandarewa, ta daina kama kwalta ko da ba dusar ƙanƙara. Ita tayar hunturu robarta tana nan da laushinta, kuma zanenta yana da ƙananan tsage-tsage masu cizon ƙanƙara. Alamarta a gefe take, hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. In ba ka ga wannan ba, kar mai sayarwa ya cika ka da daɗin baki.

Ku tsallaka gada zuwa Gatineau ku gani. Lardin Kebek ya mai da abin doka tun 2008, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris duk motar da ke da rajistar lardin dole ta sa, in ba haka ba tara daga dala 200 zuwa 300. Mu nan Ontariyo ba a tilasta ba, shi ya sa mutanenmu ke sakaci, sai ka ce ƙanƙarar tana duba lambar mota kafin ta zubo. A ganina Kebek ce ke da gaskiya.

Na san maganar kuɗi ce. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga 'yan gida suna jiran alat. Ban raina wannan ba. Amma lokacin da tayar hunturu ke aiki ɗayar hutawa take, duka biyun sai su daɗe. Kuma tun 2016 kamfanonin inshora a Ontariyo wajibi ne su yi wa mai tayar hunturu ragi, sai dai kai ne za ka kira su ka faɗa. In ta hannu za ka saya, irin Beljiyam ɗinmu ta gida, ba laifi, amma duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Zanen kuma in bai kai milimita 4 ba ka bar masa kayansa. Dan Allah guda huɗu, ba biyu a gaba ba, domin bayan motar ne zai juya da kai a kwana.

Masu manyan jif da ke cewa tasu ƙafa huɗu ke ja, wannan tashi yake taimaka wa, wajen tsayawa ku da mai ƙaramar mota duk ɗaya.

Sauran ƙanana ne. A gwada batir, a zuba ruwan wanke gilashi mai jure digiri 40 ƙasa da sifili, a riƙa duba iska don sanyi na rage ta, a ajiye shebur da bargo a but. Ɗaya ne ba ƙarami ba: in dusa ta rufe mota, ka tone bakin salansa kafin ka tayar, musamman in yara za su zauna ciki. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma tana kisa.

Shi ƙanen namu na riga na ce masa ranar Asabar mai zuwa ni zan kai shi gareji da kaina. Ya ce zai yi tunani. Na kira yayarsa.