Shagamu, Abeokuta ko Ile-Ife: ina ɗan ci-ranin Gobir zai sauka?

Tafiya ci-rani zuwa Kurmi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Gobir. Da zarar an kai amfanin gona rumbu, matasan Sabon Birni da Isa kan nufi kudancin Najeriya neman kuɗi, su komo gida kafin faɗuwar damina.

Sai dai taɓarɓarewar tsaro a gabashin jihar Sakkwato ta sauya wannan lissafi. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga haraji, ba ya da dalilin hanzarin komawa, kuma da yawa kan so su ɗauki iyalinsu.

A watan Disamban 2021 'yan bindiga sun cinna wa wata motar fasinja wuta a Gidan Bawa, inda hukumomi suka tabbatar da mutuwar mutane 23. A watan Agustan 2024 kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, makonni bayan an sace shi a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato.

Don haka mai barin gida a yanzu yana neman wurin da zai zauna ne, kuma hakan ya sa zaɓen gari ya zama babbar magana.

Me ya rage wa Legas farin jini?

Legas ce ta fi jan 'yan ci-rani shekara da shekaru, amma kuɗin haya da tsadar abinci sun yi wa sabon zuwa nauyi.

Bugu da ƙari, a watan Fabrairun 2020 gwamnatin jihar ta hana sana'ar acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, ta kuma sake tsaurara dokar a watan Yunin 2022. Acaɓa kuwa na cikin sana'o'in da matasan arewa suka fi dogaro da su.

Wannan ne ya ƙara wa matsakaitan garuruwan ƙasar Yarabawa daraja. Uku daga cikinsu, wato Shagamu da Abeokuta da Ile-Ife, duk suna da unguwar Sabo ta Hausawa, amma zaman cikinsu ya sha bamban.

Shagamu: garin kasuwa

Ta fuskar harka, Shagamu ce kan gaba. Garin yana daidai mahaɗar babbar hanyar Legas zuwa Ibadan da wadda ta nufi Ore da Benin, saboda haka manyan motoci ba sa yanke masa dare da rana.

Cinikin goro ne ya kai Hausawa garin tun zamanin Turawan mulki, kuma daga nan ake loda huhunan goro zuwa kasuwannin arewa. Daga baya aka samu masana'antar siminti a 1978, wasu kamfanoni suka biyo baya. Ɗan dako da mai gadi da mai shayi ba sa rasa abin yi.

To sai dai tarihin garin yana da tabo. A watan Yulin 1999 an yi mummunan rikici tsakanin Yarabawa da Hausawa, bayan kisan wata Bahaushiya da aka zarga da fitowa da dare lokacin bikin Oro, wanda al'ada ta hana mata gani. An yi asarar rayuka masu yawa, kuma cikin 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayya a Kano.

A watan Satumban 2023 ma garin ya sha fama da faɗan ƙungiyoyin asiri, wanda ya ci rayukan matasa, ko da yake wannan bai shafi ƙabilanci ba.

Abeokuta: garin ma'aikata

Abeokuta, wadda ƙabilar Egba suka kafa a wajajen 1830, ita ce hedkwatar jihar Ogun tun 1976. Gari ne na ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, kuma rayuwarsa ba ta da gaggawa irin ta Shagamu.

A fannin al'ada garin ya yi suna da dutsen Olumo, da kasuwar Itoku inda ake sayar da rinannen yadin adire, sana'ar da Bahaushen da ya san marina ba zai ga baƙonta ba. Nan ne kuma tushen gidan su mawaƙi Fela Kuti, nan marubuci Wole Soyinka ya tashi.

Akwai Musulmi masu yawa a cikin 'yan garin, abin da ke sauƙaƙa wa baƙo samun masallaci da makarantar Islamiyya. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka ƙaddamar a watan Yunin 2021 yana da tasha a garin.

Rauninsa shi ne kasuwarsa ta rataya ga albashi. Idan wata ya yi nisa, mai tsire da mai kayan miya su ne na farko da ke ji a jikinsu.

Ile-Ife: garin tarihi

Babu wanda ya kai Ile-Ife nauyin tarihi a cikin ukun. Yarabawa na ɗaukarta a matsayin tushensu, a nan fadar Ooni take, a nan ake bikin Olojo kowace shekara. Jami'ar Obafemi Awolowo, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1962, ita ce ke riƙe da ƙananan sana'o'in garin.

Haƙar zinari a dazuzzukan da ke tsakanin Ife da Ilesha ta ja leburori daga arewa maso yamma, musamman bayan da gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019. Aikin yana da haɗari, kuma ya jawo ƙorafin 'yan ƙasa kan lalata gonaki da gurɓata ruwa.

A watan Maris na 2017 wata hatsaniya ta rikiɗe zuwa rikicin ƙabilanci a unguwar Sabo, inda 'yan sanda suka ce mutane 46 sun mutu, aka kuma ƙona gidaje da shaguna.

Wanda bai tafi Kurmi ba fa?

Ba kowa ne ke da kuɗin motar zuwa Kurmi ba. Mata da yara da tsofaffi sun fi tsallaka iyaka zuwa jihar Maradi a kudancin Nijar, inda dubban 'yan gudun hijira suka fara kwarara a 2019, galibi zuwa yankin Gidan Runji.

A nan maganar baƙunta ba ta taso ba. Harshe ɗaya ne, zanen fuska ɗaya, kuma daga Tsibiri, fadar Sarkin Gobir da ke dab da Maradi, waɗanda suka kafa Sabon Birni suka fito a ƙarni na 19.

Matsalar ita ce aikin yi ya yi ƙaranci, ga kuma siyasar iyaka. Rufe ta da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tsayar da harkoki har zuwa Maris na 2024.

Maigida ne ma'auni

Idan aka auna garuruwan, za a ga inda kuɗi ya fi yawa nan ne zaman ya fi zafi, inda kuma hankali ya fi kwanciya nan ne samu ya fi ƙanƙanta.

Amma akwai abin da ya fi waɗannan duka tasiri, wato tsarin zango. Tun da aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, baƙo kan sauka ne a hannun maigida, wanda ke ba shi masauki, ya tsaya masa wajen karɓar kaya bashi, ya kai ƙararsa ga Sarkin Hausawa idan ta ɓaci. Masanin nan Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1969.

Shi ya sa mutumin Gatawa ko Isa kan bi sawun ɗan garinsu da ya riga shi tafiya, ko da garin ya taɓa ƙonewa.

Tsarin dai an gina shi ne domin namiji guda mai zuwa wata huɗu ya koma. Yanzu da ake zuwa da mata da yara, buƙatar ta koma ta ɗakin haya da makaranta da asibiti, abubuwan da suka fi ƙarfin maigida da Sarkin Hausawa, suka koma hannun gwamnatocin jihohin Ogun da Osun.