MACIJIN KUSUGU YA DAWO DA TAKARDAR GWAMNATI

Duk yaron da ya tashi a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. An ce wani maciji mai suna Sarki ne ya kame rijiyar, ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a kaɗai, har sai da Bayajida ya zo ya sare masa kai. Ana ba da labarin nan cikin murna, a zaton an gama da maciji tun zamanin Daurama. Ina! Macijin yau a ofis yake zaune, da hatimi da taswira da 'yan sanda, kuma duk ranar da ya tashi kame bakin ruwa sai ya raɗa wa abin suna "raya ƙasa".

Salon kusan ɗaya ne a ko'ina. Gwamnati da hukumar ruwa su kulle kansu a ɗaki, su shimfiɗa taswirar kogi ko dam, su ja layi a kan fadamar da talakawa suka gada kaka da kakanni. Nan na aikin ban ruwa, can na fulotai, can kuma na masu zuba jari. Manomin da ke duƙe cikin albasarsa ba ya jin labari sai ranar da ya ga ma'auna suna kafa turaku a gonarsa.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin shaci-faɗi sai ya tambayi mutanen Bakolori. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina dam a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi kwangilar. Ruwa ya shanye garuruwa da gonakin dubban mutane. Wasu kuma aka hana su noma shekara da shekaru da sunan ana gyara ƙasa. Diyya ta zama gafara sa, ba a ga ƙaho ba. Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. Amsar da suka samu a watan Afrilu 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, ita ce 'yan sandan kwantar da tarzoma, da harsashi, da ƙona gidaje a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Laifin waɗannan bayin Allah shi ne sun tambayi inda za su yi noma. Su kuwa manoman da ke ƙasa da dam, ambaliyar da ke jiƙa masu fadama kowace shekara ta ja baya, shinkafarsu ta bi ta, ba su ga ko sisin kwabo ba.

Abin da ya kamata matasa su gane shi ne, wannan zalunci da doka ake yin sa. Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi shelar cewa ƙasar Arewa duka tana hannun gwamnansu. Aka sabunta dokar a 1962. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sannan aka cusa ta cikin tsarin mulki don kada a iya taɓa ta cikin sauƙi. A ƙarƙashinta gwamna yana da ikon soke haƙƙin mutum a kan gonarsa da hujjar "amfanin jama'a". In an zo diyya kuwa, gini da shuka da itatuwa ake lissafawa. Ita ƙasar kanta, wadda ta ciyar da gida shekara ɗari, ba ta shiga lissafi. Ke nan a biya mutum kuɗin tumatir na kaka ɗaya, a raba zuriyarsa da fadama har abada.

Me ya haɗa Daura da wannan? Jihar Katsina tana cikin yankin wannan hukuma ta Sakkwato da Rima, kuma ga dam ɗin Sabke da na Daberam a yankin Daura, inda mutane ke noman rani da kamun kifi da shayar da dabbobi. Ga shi tsakanin 2015 da 2023 manyan ayyuka sun sauka a garin: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, Jami'ar Sufuri, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Inda irin waɗannan suka sauka fili yana tsada, inda fili ya yi tsada kuwa idon dillalai da 'yan kwangila yana komawa kan bakin ruwa. Dokar ta ba gwamna ikon ya ayyana wuri a matsayin cikin birni, kuma daga ranar ikon filayen wurin ya fita hannun ƙaramar hukuma ya koma hannunsa.

Za a ce ai ci gaba ne, jama'a za su sha ruwa. Babu mai hankalin da ke ƙin famfo ko noman rani. Amma ga dam ɗin Zobe nan a Dutsinma: an gama shi a 1983, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin kai ruwansa birnin Katsina. Shekara 38! Karɓe gona aikin yini ɗaya ne, cika alkawari kuwa sai jariri ya yi furfura.

Saboda haka tun ran gini ran zane. Duk shirin da ya shafi bakin ruwa a ƙasar Daura, a karanta shi da Hausa a ƙofar hakimi da dagaci kafin a kafa turke ko ɗaya. A ba da gona a madadin gona, a biya diyya kafin katafila ta shiga. A bar mashaya da burtali yadda suke. Idan an yanka fulotai, a liƙa sunayen waɗanda aka bai wa a bango, kowa ya gani ko na talakawa ne ko na 'yan lele.

Nauyin yana kan matasan da suka yi karatu. Su raka iyayensu duk inda aka kira su, su karanta takarda kafin a dangwala yatsa, su auna gonaki, su ƙirga itatuwa, su rubuta shaidu su adana. Kada gida ɗaya ya yarda a zauna da shi shi kaɗai, domin tsintsiya sai a ɗaure take shara. Mutanen Bakolori sun farga ne bayan ruwa ya kai masu wuya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.