Tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto

Wata Laraba a cikin watan Afrilu na je Sharaɗa wurin wani ɗan'uwana mai ƙaramar masana'antar roba, inda ake buga buta da bokiti da kofunan shan ruwa. Muna tsaye a tsakiyar ɗakin injina, sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, kwatsam aka ɗauke wuta. Wanda bai taɓa kasancewa cikin masana'anta a irin wannan lokaci ba bai san nauyin shirun da ke biyo baya ba. Yaran da ke kan injina suka yi cirko-cirko, kowa idonsa na ƙofar baya inda janareto yake. Muka ji an murɗa makulli, injin ya yi ƙugi sau biyu ya mutu. Aka sake murɗawa, ko motsi bai yi ba. Batirin da ke tayar da shi ya yi sanyi. Sai da aka buɗe motar maigidan aka kwance nata batirin, aka nemo sufana aka ɗaura, sannan hayaƙi ya tashi. Na duba agogo, an ci minti arba'in da 'yan kai.

A cikin minti arba'in ɗin nan robar da ta narke a bututun injina ta fara sandarewa. Wadda ta shiga mazubi rabi da rabi ta maƙale, sai da aka sa hannu aka ɓamɓaro ta. Da wuta ta samu kuma ba a ci gaba da aiki nan take ba, don dole a jira bututun ya sake ɗaukar zafi, a tura tsohuwar robar ta fita, a zubar da bugun farko da ya fito a karkace. Aikin da ya tsaya kafin azahar bai daidaita ba sai bayan la'asar. Dattijon da ke kula da wutar gidan ya matso yana goge hannu da tsumma, ya ce a hankali, "Alhaji, ai tun watan jiya na ce a sayi batir." Maigidan ya ce, "Haka ne, Malam, ka faɗa." Janareton nan na miliyoyin naira ne. Abin da ya kayar da shi bai kai kuɗin robar da aka zubar a yinin ba.

Na sha yin magana a kan gazawar gwamnati da kamfanonin wuta, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma yau da mu nake, masu masana'antu da masu asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje da injinan gyaran shinkafa da gidajen ƙanƙara. Akwai wani yanki na asarar da muke tafkawa wanda ba a Abuja yake ba, a bayan ɗakin injinmu yake, kuma shi ne ya fi araha gyarawa.

A ƙasashen da wuta ta zauna, janareto injin ko-ta-kwana ne. Yakan shekara bai yi aikin kwana biyu ba. A Bompai da Sharaɗa da Challawa da Dakata kuwa shi ne jakin gida, wutar layi ce baƙuwa. To, idan na ko-ta-kwana ya zama na kullum, wa zai tsaya masa ranar da ya gaji? Mun ga amsar a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da ke shigowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya samu matsala, mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a cikin duhu. Injinan da aka saba ba su hutun 'yan sa'o'i a rana suka koma aiki ba dare ba rana. Wanda ke canza man inji da matata a kan kari ya tsallake. Wanda ke cewa sai wata ya ƙare, injinsa ya kwanta a daidai lokacin da makanikai suka fi kowa tsada a gari.

Lissafin kuɗin ma a fili yake. Litar man gas ɗaya tana ba da yunit uku zuwa uku da rabi na wuta a janareto mai lafiya. Tun da lita ta haura naira dubu, yunit ɗaya ya kai kimanin naira 300 ke nan, ba a sa kuɗin man inji da matata da ladan makaniki ba. Da aka ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilu na 2024, bisa alƙawarin sa'a 20 a rana, an yi kuka, kuma kukan yana da dalili. Duk da haka wutar janareto ta fi ta tsada. Wanda ke sayen wuta da wannan farashi bai kamata ya bar ɗigo ɗaya ya tafi a banza ba.

Ga inda take tsiyayewa. Ko janareto sabo ne fil, ko an haɗa shi da akwatin da ke sauya layi da kansa, yana buƙatar daƙiƙa goma zuwa sha biyar kafin ya tashi, ya daidaita, ya ɗauki kaya. Ga ƙwan fitila wannan ba komai ba ne. Ga kwamfutar da ke sarrafa inji kuwa, ƙiftawar ido ta isa ta mance duk abin da aka saita mata. Injin saƙa ya tsinke zare, injin buga leda ya naɗe, na'urar gwajin jini ta watsar da samfurin da ke cikinta a sake ɗibar jinin mara lafiya. Wannan giɓi shi ne aikin na'urar UPS, mai batir a ciki, wadda ke riƙe wuta ba tare da yankewa ba har janareto ya karɓa. Sau da yawa idan na kawo wannan magana sai a ce mini ai ba wanda zai iya ɗora masana'anta guda a kan batir. Ba wanda ya ce a yi haka. Ƙwaƙwalwar injin za a ɗora, wato allon sarrafawa da kwamfutoci da na'urorin auna zafi, waɗanda ba sa cin wuta mai yawa. Manyan injina masu juya ƙarfe su jira janareto.

Dawowar wuta ma tana da nata haɗarin, wani lokaci ya fi na ɗaukewa. Masana'anta da wuta mai layi uku take aiki. Idan aka kawo ta layi ɗaya ya faɗi, ko ta zo da rauni, moton da ke juyawa ba zai tsaya ba, zai ci gaba da ja da sauran layuka biyun yana ɗaukar zafi har koyil ya ƙone. Ku tambayi masu naɗin koyil a Kano daga ina mafi yawan aikinsu ke zuwa. Akwai 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, aikinta ta yanke wuta da zarar layi ɗaya ya ɓace ko ƙarfinsa ya sauka. Na shiga wuraren da aka cire ta da gangan aka haɗa waya kai tsaye, wai tana yawan katse aiki. Katsewar nan ita ce aikinta. Kamar mutum ne ya kori maigadi don yana tashinsa daga barci idan ya ji motsin ɓarawo.

Sai maganar batir, wadda ta fi ci mini rai. An taɓa kai ni wani ɗakin gwaje-gwaje na asibiti mai zaman kansa, aka nuna mini inbata da batura goma sha biyu, ana alfahari da su, kuma sun cancanci alfahari don kuɗi aka zuba. An jera su a wani ɗan lungu mai rufin kwano, ba taga, ba fanka. Na ɗora hannu a kan ɗaya, zafi kamar bayan tukunya. Gefen biyu daga ciki ya kumbura, kan ƙusoshinsu ya yi farin gari. A takarda baturan za su riƙe firjin magani na sa'o'i. A zahiri ko rabin sa'a ba za su kai ba, kuma ba wanda ya sani, domin ba a taɓa gwadawa ba. Batirin dalma an ƙera shi ne da lissafin zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri goma yana raba tsawon rayuwarsa biyu. A Kano zafin bazara yana haura 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Allurar rigakafi kuwa tsakanin digiri 2 zuwa 8 take son zama, ba ta san uzuri ba. Taga biyu da silin da fanka ɗaya za su iya ƙara wa baturan nan shekara.

Akwai kuma masu sayen janareto don girmansa. Injin man gas da ke aiki da ƙasa da sulusin ƙarfinsa na dogon lokaci ba ya ƙona mai sosai, sai baƙin maiƙo ya riƙa taruwa yana fita ta salansa, injin ya lalace yana sabo. Wanda ke kunna ƙaton inji da daddare don fitilun tsaro da fanka biyu yana kashe shi ne a hankali. Ƙarami a gefen babba ya fi. Ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da ruwan da ke kwanciya a gindin tankin mai, waɗannan kowa ya san su, sai dai a yi ta ɗaga ranar dubawa.

Duk abin da na lissafa yana komawa ga mutum ɗaya, irin dattijon nan mai tsumma a hannu. A yawancin wuraren da na sani, mai kula da wuta shi ne na ƙarshe a albashi, kuma ba a kiransa ofis sai abu ya ƙone. Idan ya kawo takardar sayen matata sai a ɗauka neman na cefane yake yi. Wannan zato ya jawo asarar da ta fi duk abin da ake tsoron zai ci. A ba shi littafi ya riƙa rubuta sa'o'in da inji ya yi, da ranar canjin mai, da ƙarfin kowane batir, maigida ya riƙa sa hannu duk mako. Da littafi, mai gaskiya ya samu shaida, mai ha'inci kuma ya rasa mafaka. Ina kuma ganin reshen ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a Kano zai iya haɗa kai da kwalejin fasaha ta jiha a riƙa yi wa waɗannan ma'aikata bita, ko sau biyu a shekara, musamman yanzu da baturan litiyam da inbatocin sola suka shigo, waɗanda ba a gyara su da ji da kunne kamar tsohon inji.

Na san ana sa rai da manyan ayyuka. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. An buɗe wata mai megawat 10 a yankin Challawa a farkon 2023. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, idan gas ya wadata ta cikinsa zai sauƙaƙa wa masana'antu sosai. Ina maraba da su duka. Sai dai ko wace irin wuta aka kawo, ranar da za ta yanke tana nan, kuma a ranar batirin tayar da inji da akwatin sauya layi su ne za su yi magana.

Abu ɗaya nake roƙon kamfanin rarraba wuta na KEDCO, wanda ba ya buƙatar sabuwar taransifoma ko rancen waje. Ɗaukewar da ta zo ta hanyar lalacewa ba a hannun kowa take ba. Amma wadda aka tsara, ta rabon wuta ko ta gyara, an san lokacinta. Saƙon waya na minti goma kafin a yanke layin masana'antu ya isa a tayar da janareto, a sauya layi cikin natsuwa, roba ba ta sandare ba.

Na koma Sharaɗa bayan sallah. An sayi batir, an haɗa masa 'yar caja da ke riƙe shi a cike duk lokacin da akwai wuta. A jikin bangon ɗakin janareto an kafa ƙusa, an rataye littafi mai bangon kwali da biro ɗaure da zare. Dattijon ya buɗe mini shafin ƙarshe. Duk Asabar da safe, ko da wutar layi, yakan tayar da injin ya ɗora masa kaya na rabin sa'a, ya rubuta abin da ya gani. A layin makon da ya wuce ya rubuta cewa bel ɗin fanka ya fara saki, a ƙasa kuma ga sa hannun Alhaji da kwanan wata.