Ku Bar Tsoho da Lambunsa

Da kaka ta shigo, an gama girbin gero, dawa na jiran yanka a watan Nuwamba, sai 'ya'yan da ke aiki a Kano ko Kaduna su fara bugo waya gida: Baba ya huta haka nan. Nufinsu alheri ne, amma ban goyi bayansu ba. Gonar hatsi ta fi ƙarfin mai shekara saba'in, wannan na yarda. Huɗa da ɗaurin dami aikin matasa ne. Lambun bayan gida kuwa daban yake. Kafin hunturu ya kankama, ƙasa na riƙe da sauran laima, lokacin yafa irin albasa da tumatir da latas ke nan, kuma tsoho ne ya san ranar da ta dace a dasa su. Zogale da rama sai a tsinke a shanya a inuwa domin miyar rani. Aikin ba ya cin ƙarfi, ban ruwa ne bayan asuba da ɗan cire ciyawa da la'asar. Abin da Baba ke buƙata shi ne rijiya kusa, da shingen hana awaki shiga, da jika mai ɗauko masa bokiti. Ku aiko da kuɗin rijiyar da shingen.