Taura biyu ba ta taunuwa: Me ya sa manyan kamfanoni ke komawa sana'a ɗaya?

A watan Afrilun 2024 ne kamfanin General Electric na Amurka ya kammala rabuwa gida uku. Kamfanin, wanda aka kafa a 1892, ya daɗe yana ƙera kaya tun daga ƙwan fitila da firiji har zuwa injin jirgin sama, ya kuma taɓa mallakar gidan talabijin na NBC da wani katafaren reshe na bayar da bashi.

Yanzu kowane ɓangare ya kama gabansa. GE Aerospace na ƙera injinan jiragen sama, GE Vernova na harkar makamashi, GE HealthCare kuma na kayan asibiti.

Yawan hannu a harkoki ne ya jefa kamfanin cikin matsala. Lokacin rikicin tattalin arziƙin duniya na 2008, reshensa na bashi ya kusa jan sauran rassan ƙasa. A 2018 aka cire shi daga jerin manyan kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones, bayan ya shafe fiye da shekara 100 a ciki. Idan harkoki suka yi wa shugabanni yawa, ba sa iya sanin kowace ciki da bai, kuma ribar reshe mai lafiya ce ke tafiya wajen jinyar maras lafiya.

Kamfanin TSMC na Taiwan ya bi akasin wannan hanya. Morris Chang ya kafa shi a 1987 da manufa ɗaya: ya riƙa ƙera wa wasu kamfanoni ƙwaƙwalwar na'urori, wato cip, ba tare da ya fitar da nasa samfurin ba. Tun da ba ya gogayya da abokan cinikinsa, sai kamfanoni irin su Apple da Nvidia suka amince su damƙa masa zanen kayansu. A yau shi ke riƙe da fiye da rabin kasuwar wannan aiki a duniya, kuma shi ke ƙera cip ɗin da ke cikin wayoyin iPhone.

Dalilin bai wuce abu uku ba. Mai maimaita aiki ɗaya yana rage kuskure da asara. Jarinsa yana zuba wuri guda maimakon ya warwatse. Sannan sunansa yana manne da aikin, ta yadda mai buƙata ba ya dogon tunani kafin ya neme shi.

Kasuwannin Kano sun daɗe a kan wannan tsari. Mai neman atamfa da shadda Kantin Kwari yake nufa, mai neman hatsi ya tafi Dawanau, mai neman waya ya wuce Farm Centre. Sanin kowace kasuwa da hajarta shi ke jawo masu saye daga wasu jihohi da ƙasashe maƙwabta.

Sai dai tsayawa kan abu ɗaya na da haɗarinsa. Kodak ya shahara da fim ɗin ɗaukar hoto, amma da kyamarar dijital ta mamaye kasuwa, a 2012 ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziƙi. Abokin hamayyarsa na Japan, Fujifilm, ya tsira saboda ya karkatar da ƙwarewarsa ta sinadarai zuwa kayan asibiti da na kwalliya. Haja na iya mutuwa, amma ƙwarewar da ke bayanta tana iya samun sabuwar kasuwa.

Wannan ya shafi matashin da tsadar rayuwa ta sa yake POS da safe, dillancin fili da rana, sayar da data da dare. Ba laifi ba ne neman na cefane ta kowace halastacciyar hanya, amma duk sana'ar da kowa zai iya shiga yau ya fita gobe, ribarta ba ta da kauri, domin masu yin ta sun yi yawa. Wanda ya ware shekaru ya goge a gyaran sola ko ɗinkin babbar riga, shi ake bi har gida, kuma da wuya a taya masa aiki da arha. Sauran ƙananan harkokin za su iya zama tallafi, matuƙar akwai guda ɗaya da aka san mutum da ita.