Cinikin biri a sama: a daina sayen agogo da hoto



Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana ta waya, kuma mun gaji da sasanta rigimar da take haifarwa. Mutum zai ga agogo a Instagram ko a WhatsApp ɗin wani dillali, ya tura kuɗin da za su sayi mota, sannan ya zauna jiran ɗan aike. Ranar da kwali ya iso sai ka gan shi gaban dattawa yana rantsuwa cewa ba wannan ya gani ba. Shi kuma dillali ya zaro waya ya nuna hoton, ya ce ga shi nan, shi ne dai. Wani lokaci damfara ce tsagwaronta. Amma sau da yawa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Agogon da aka kawo shi ne na cikin hoton, mai saye ne ya ɗora wa hoto nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Ya kamata mu san yadda ake haɗa waɗannan hotuna. Ku duba tallar kowane babban kamfani, za ku ga tsinkayen agogon suna kan ƙarfe goma da minti goma ko kusa da haka, don kada su rufe sunan kamfani, kuma fuskar ta yi kamar tana murmushi. Ana kewaye agogon da fitilu da farin ƙyalle, a goge duk wata ƙura da kwamfuta, a kashe ƙyallin gilashi har ya zama kamar babu gilashi. Wasu hotunan ma ba a taɓa ɗora kyamara a kan agogon ba, zane ne na kwamfuta. Abin da faɗinsa bai wuce milimita 40 ba sai ya cika maka fuskar waya, kana ganin kowane layi kamar titin Ikorodu. Hoton da mutum ke ɗauka da wayarsa a hannunsa shi ma yana da tasa yaudarar: idan aka kusanto da kyamarar waya, abin da ya fi kusa da ita yakan kumbura, sai ƙaramin agogo ya fito kamar faranti.

Kada wani ya ɗauka rashin wayewa ne ke sa mu faɗa wannan tarko. Waɗanda aikinsu ke nan ma suna faɗawa. Duk shekara a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan ana yin baje kolin da ake kira Watches and Wonders, inda su Rolex da Patek Philippe da Cartier suke fito da sababbin agogunansu. Da safiyar ranar farko ake sakin hotuna, kafin azahar intanet ta gama yanke hukunci: wannan ya yi kyau, wancan abin kunya ne. Bayan kwana biyu, waɗanda suka shiga ɗakin suka ɗaura agogon a hannu sai su fara janye maganarsu ɗaya bayan ɗaya.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Cubitus, wanda Patek Philippe ya fitar a watan Oktoba na 2024. Agogo ne mai kusurwa huɗu, an ce girmansa milimita 45. Da hotuna suka fita, babu irin ba'ar da ba a yi masa ba, ana cewa Nautilus ne aka danne aka mayar da shi akwati. To amma 45 ɗin nan daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna ta, kuma kaurin na farin ƙarfen bai wuce milimita 8 da ɗoriya ba. Da yawa daga waɗanda suka ɗaura shi sun ce siririntarsa da yadda yake kwanciya a hannu sun ba su mamaki. Wasu kuma sun ɗaura sun ce har yanzu ya yi musu faɗi, kuma a shekarar 2025 kamfanin ya fito da mai milimita 40. Mu ba ruwanmu da wanda ya fi gaskiya a cikinsu, ba mu da hannun jari a Patek. Abin lura shi ne duk ɓangarorin biyu sai da suka ɗaura sannan maganarsu ta yi nauyi.

Haka aka yi da Land-Dweller da Rolex ya fitar a Afrilun 2025, mai zanen saƙar zuma a fuska. A hoton da aka faɗaɗa, zanen ya cika ido har ya yi hayaniya. A hannu kuwa, daga nisan da mutum ke duba lokaci, zanen yakan lafa. Akwai kuma akasin haka. Agogon Grand Seiko na Japan da ake wa laƙabi da Snowflake, a hoto fari ne fat kamar takarda, babu abin burgewa. Sai ka juya shi cikin haske sannan ka ga fuskar tana da tudu da kwari kamar yashin da iska ta share, tsinken sakan kuma yana tafiya sumul babu tsalle ko kaɗan. Hoto ba ya motsi, saboda haka duk wannan ba ya cikinsa.

To idan 'yan jaridar da suka shekara ashirin suna rubutu a kan agogo, da attajiran da ke da akwati guda na irinsu, suna yin kuskure daga hoto, kai ɗan uwa da ke zaune a Agege kana kallo ta wayar da gilashinta ya tsage, me ya ba ka tabbacin da za ka tura miliyoyi?

Lambar girma ma ba ta faɗin komai ita kaɗai. Royal Oak na Audemars Piguet, wanda Gérald Genta ya zana aka fitar a 1972, milimita 39 ne, amma saboda sarƙarsa a haɗe take da jikinsa, yana cin wuri a hannu fiye da wasu masu 41. Mai siririn hannu da mai kaurin hannu za su ɗaura agogo ɗaya, ɗaya ya yi kyau, ɗayan ya zama kamar yaro ya ari na babansa. Ga kuma batun hannun riga. Mu masu sa kaftani ne da babbar riga. Agogo mai kauri ba ya shiga ƙarƙashin hannun kaftani mai maɓalli, sai dai ya tokare shi yini guda. Babu dillalin da zai rubuta maka wannan a ƙasan hoto.

Sai nauyi. Zinare ya fi farin ƙarfe nauyi nesa ba kusa ba, shi kuma ƙarfen taitaniyam bai fi rabin nauyin farin ƙarfe da kaɗan ba. Akwai wanda zai ɗauki agogon taitaniyam mai tsada ya ji kamar na wasan yara, ransa ya ƙi shi nan take. Akwai wanda zai yi sha'awar mai nauyi a hoto, bayan mako guda cikin gumin Legas ya cire ya ajiye a durowa. Tun da zinare ya shigo maganar, bari mu faɗa a taƙaice: malamanmu sun daɗe da bayyana cewa sa zinare bai halatta ga namiji ba, kuma canza masa suna zuwa agogo bai canza hukuncin ba.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne mu ne muka fi kowa sanin wannan. Me ya kawo kakanninmu kudu in ba fataucin goro da shanu ba? Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta tun 1916, kuma a kan wannan ciniki ta tsayu. Har gobe babu mai sayen huhun goro a Shagamu bai sa an kwance ya tona ƙasa ya gani ba. Babu mahaucin da zai biya kuɗin sa a Oko-Oba bai shafa ƙugunsa ya duba tafiyarsa ba. Ragon layya ma sai an buɗe baki an duba haƙora. 'Yan uwanmu masu sayen gwal a Yaba sukan ɗora a sikeli, su goga a dutse, su ɗiga ruwan gwaji. Ɗan canji yana shafa dala da yatsa ya ɗaga ta sama kafin ya ƙirga maka naira. Amma wannan ɗan canjin, da dare ya yi ya kwanta da waya, sai ya ga Daytona a hoto ya tura kuɗi ga wanda bai san gidansa ba.

Kuma a wancan tsohon ciniki akwai maigida. Baƙon ɗan kasuwa yana sauka a gidansa, dillalansa su yi ciniki, idan aka ba da bashi shi ne ya tsaya a kai. Idan abu ya lalace an san ƙofar da za a buga. Dillalin waya ba shi da maigida. Yau yana da shafi, gobe ya goge ya buɗe wani da sabon suna.

Batun jabu kuwa, a nan hoto ya fi cutarwa. Mai sayar da na bogi ba sai ya ɗauki hoton kayansa ba, na gaske zai kwaso a intanet ya liƙa. A da ana cewa ka duba gilashin da ke kan kwanan wata a Rolex, na asali yana faɗaɗa lambar sau biyu da rabi. Ka duba tsinken sakan, na inji yana bugawa sau takwas a sakan guda har ya yi kamar yana zamewa, na batir kuma yana tsalle ɗaya-ɗaya. Wannan yana kama jabun bakin titi. Manyan jabun yanzu sun kwaikwayi duk waɗannan, kuma kwali da kati da takardu ana sayar da su daban. Saboda haka ko gani da ido bai wadatar ba a kan irin waɗannan, sai gogaggen mai gyaran agogo ya buɗe baya ya duba inji. Idan ido da hannu ma suna buƙatar mataimaki, ina ga hoto?

Ga wani abu da kowa ya kamata ya sani. Sababbin Rolex na farin ƙarfe irin su Daytona, ko a shagon da kamfanin ya amince da shi ba a shiga a ɗauka a fita, jira ake yi. A kasuwar hannu na biyu ma ana sayar da su sama da farashin kamfani. To wanda ya ce maka yana da sabo dal a rabin kuɗi, wai wani Alhaji ne ya matsu, daga ina ya samo? Ko jabu ne ko na sata, kuma na biyun zai iya kai ka Panti.

Ba da 'yan uwanmu masu tallar agogo a tire a Obalende da Oshodi muke ba. Wanda ya ba da kuɗin cin abincin rana ya karɓi agogo mai tambarin kambi ya san abin da ya saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma ko ba komai a gabansa aka ɗaura masa.

Mun san abin da matasa za su ce. Za su ce duniya ta ci gaba, yanzu har mota ana saye ta intanet, dattawa ne ba sa son sauyi. Gaskiya ne ana ciniki ta intanet, mu ma muna yi. Amma ku duba manyan shagunan da ke sayar da agogo ta wannan hanya a Turai da Amurka: sukan ba ka kwanaki ka duba, in bai yi maka ba ka mayar a ba ka kuɗinka, wasu kuma suna riƙe kuɗin a hannun wani na uku har kaya su iso. Wato su ma sun yarda hoto bai isa ba. Dillalinmu ya ɗauko rabin tsarin, ya karɓi kuɗi tun kafin a gani, ya jefar da rabin da ke kare mai saye. Ka ce za ka mayar, ya ce ciniki ya faɗa. Za su kuma ce ai ana yin kiran bidiyo. Bidiyo ya fi hoto, ba mu musa ba, amma ba ya auna nauyi, ba ya gwada hannunka, kuma ba ya tabbatar maka cewa wanda aka nuna shi ne za a sa a kwali.

Wannan ba sabuwar mas'ala ba ce. Littattafan fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi magana a kan sayar da abin da ba ya wurin ciniki. An halatta shi bisa siffantawa, amma idan kaya suka zo saɓanin siffar mai saye yana da zaɓin fasawa, kuma ba a sharɗanta biyan kuɗi tun farko a kan kayan da ke nesa waɗanda za su iya canzawa. Duk mai shakka ya tambayi limaminsa ranar Juma'a. Dillalin da ke cewa sai ka biya duka kafin a taso da kaya daga Dubai, kuma babu mayarwa, ya je ya ji ta bakin malamai tukuna.

Cutar ba ta tsaya a mai saye ba. Mun fara auna mutane da hoton hannunsu. Yaro zai ɗora hannu a kan sitiyari ya ɗauki hoto da Richard Mille, agogon da na gaskensa kuɗinsa ya kai na gida a Lekki, sai a fara ba shi kaya bashi a kasuwa, har a fara tunanin ba shi aure. Ko aro ne, ko jabu ne, ko a shago ya gwada ya ɗauka ya cire, babu mai tambaya. Haka kuma ake kai wa amarya agogo cikin lefe bisa hoton da ango ya nuna wa danginta, ranar buɗe akwati a ga wani abu daban, dangi biyu su fara zaman surukuta da zargi.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Kada kowa ya tura kuɗin agogo mai tsada sai ya ɗaura shi a hannunsa, da rana, a wurin da jama'a suke. In ana so a zo ofishin ƙungiya, ƙofa a buɗe take. A tafi da mai gyaran agogon da mai saye ya zaɓa da kansa, kada a dogara da wanda dillali ya kawo. A rubuta lambar jikin agogon a rasit, a sa hannu gaban shaidu biyu. Idan kayan daga waje za su zo, a ajiye kuɗin hannun dattijon da ɓangarorin biyu suka yarda da shi har su iso. Dillalin da ya ƙi wannan ya nemi kasuwa a wani wuri, kuma muna roƙon masu kula da zaurukanmu na WhatsApp su daina barin irinsa yana liƙa talla a ciki.