Sharhi: In hukuma ta yi shiru ran musiba, ji-ta-ji-ta ke cike gurbin

Jama'a masu bin mu a karkara da 'yan uwa na ƙetare, damanar 2024 ba za ta fita ranmu da wuri ba. Ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, jahar Maradi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe a farkon Satumba. Har komawa lakwal sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba, don 'yan ambaliya na zaune cikin azuzuwa.

A irin wannan rana, bayan ruwa da abinci, abin da mutum ya fi buƙata shi ne labari na gaskiya. Wace hanya ta yanke? Ina za a kwana? Wa ke rubuta sunayen waɗanda gidajensu suka faɗi? In magajin gari ko prefe bai amsa ba, wani zai amsa a madadinsa, ta saƙon murya a WhatsApp. Kafin la'asar saƙon ya kai Kano, Agadas da Libiya, ɗan ci-rani ya shiga kiran gida hankali tashe kan abin da ƙila bai faru ba.

Ƙasarmu ta ga hanyoyi biyu. A 2005, bayan fari da farin ɗango, yara masu tamowa suka cika cibiyoyin jinya a Maradi. 'Yan jaridar waje suka nuna wa duniya hotunan, amma shugaba Tandja Mamadu ya ce babu yunwa a Nijar. Sai magana ta koma gardama kan kalmar "yunwa", alhali uwaye na layi da yara a goye. A 2010 kuwa, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Djibo ta fito fili ta ce akwai ƙarancin cimaka, firaminista Mahamadu Danda ya nemi agajin duniya tun watan Maris. Wahala an sha, amma ba a ɓata lokaci wajen musu ba.

Darasin a fili yake: ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Shugaban da musiba ta faɗa wa yankinsa ya yi magana tun ranar farko, ko bayanin bai cika ba. Ya faɗi abin da aka tabbatar, ya faɗi abin da ake kan bincike, ya sa lokacin da zai sake magana, ya kuma cika alkawari. A naɗa mutum guda mai magana da yawun hukuma, don in likita ya ba da adadi, mairi ta ba da wani daban, jama'a ba za su yarda da ko ɗaya ba. Sanarwar kuma ta fito da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci ko Tamashek. Takarda da Faransanci a ƙofar ofis ba ta isa ga manomin da ke bakin gulbi.

Mu 'yan jarida ma da namu nauyin. Kar mu watsa adadin mamata sai mun ji daga asibiti ko 'yan kwana-kwana. Kar mu ambaci sunan mamaci kafin danginsa su sani. In mun yi kuskure, mu gyara a shirin da muka yi shi.

Ku kuma da ke nesa, kafin ku tura saƙo gaba, ku tambaya: wa ya faɗa, yaushe, a wane gari? Kira ɗaya zuwa ga maigari ya fi tura saƙo goma.

Damana za ta sake zuwa. Tun yanzu ya kamata kowace komin ta zauna da sarakuna, limamai da gidajen rediyo, a san wanda zai yi magana da lambar da za a kira. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mu.